Amsa: Waƙar da aka zana, waƙa ce ko hoto?

Malam, ka tambaya ko rubutun da aka jera kalmominsa suka ba da siffar wani abu za a kira shi waƙa ko zane. A ganina waƙa ce, sai dai ido ake yi wa ita, ba kunne ba. Ka karanta ta da baki, rabin ma'anarta ya zube.

Abin ba sabo ba ne. A 1633 aka buga wata waƙar George Herbert na Ingila wadda baitocinta suka fito kamar fukafukai. A littafin Guillaume Apollinaire na Faransa, wanda ya fito a 1918, akwai waƙar ruwan sama da haruffanta ke gangarowa a karkace kamar yayyafi. Amma sai a shekarun 1950 salon ya tsaya da ƙafarsa, a hannun Eugen Gomringer a Suwizalan da ƙungiyar Noigandres ta Brazil, wato Augusto da Haroldo de Campos da Décio Pignatari.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Gomringer. Kalma ɗaya ce tal, mai nufin shiru, ya maimaita ta sau 14 a layi biyar, ya bar gurbi fayau a tsakiya. Wannan gurbin shi ne shirun na gaskiya, kalmomin da suka kewaye shi surutu kawai suke yi.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ka warware siffar ka mayar da kalmomin layi-layi, ma'ana ta ragu? In ba ta ragu ba, ado kawai aka yi wa rubutun, kuma irin wannan ya fi yawa.