Likita, zan iya haɗa maganin ƙirjina da na ƙarfin maza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Aliero, shekarata 57. Bara aka ce jijiyoyin zuciyata sun ƙuntata, shi ya sa ƙirjina ke ɗaurewa in na ɗaga buhu. Aka ba ni isosorbide na sha kullum, da 'yar ƙwayar da ake sa wa ƙarƙashin harshe. Tun da na fara kaina ke sarawa. Ga shi na yi amarya, wani abokina ya ba ni Viagra. In sha?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba da zaman lafiya. Amma don girman Allah kada ka sha.

Magungunanka biyun nan dangin nitrate ne, aikinsu buɗe jijiyoyin jini don zuciya ta samu sauƙi. Viagra ma buɗe su take yi. In suka haɗu, jini kan yi ƙasa farat ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi, wani ba ya tashi. Kai da ke shan isosorbide kullum, babu ranar da ta dace da ita. Haka haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake tallatawa da lasifika ranar kasuwa: an sha gano irin sinadarin Viagra a cikinsu. Ka faɗa wa likitanka damuwarka, ba abin kunya ba ne.

Ciwon kan kuwa daga buɗewar jijiyoyin ne, yakan ragu bayan kwanaki, kuma farasitamol na taimakawa. Kada ka daina maganin, kada kuma ka ƙara da kanka. In babu hutun awanni a tsakani, jiki kan saba ya daina jinsa.

Ta ƙarƙashin harshe, nitroglycerin, likitoci na amfani da ita tun 1879. Ka zauna kafin ka sa, saboda jiri. Kada ka haɗiye, bar ta ta narke. In minti 5 suka wuce ƙirjin bai sake ba, ka sa ta biyu, a kama hanyar asibiti nan take, wani ya tuƙa.

Na san 'yan kasuwarmu: a ƙulle ƙwaya a leda a jefa aljihun riga. Zafin Afrilu a Kebbi na kashe ƙarfinta. Bar ta a kwalbarta ta gilashi, a rufe gam, nesa da rana, ka tambayi mai ba da magani ranar da za ka canja ta.