Asalin kiɗan alternative rock da abin da sunan yake nufi

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya tambaya daga ina alternative rock ya samo asali, kuma me ya raba shi da sauran kiɗan rock, ga abin da na fahimta a shekarun da na daɗe ina sauraronsa.

Kada ka wahalar da kunnenka wajen neman sauti guda da za ka ce shi ne. Saka R.E.M. ka ji jita mai zaƙi tana tafiya a natse, sannan ka saka Sonic Youth ka ji ƙara kamar injin markaɗe. Duk suna ɗaya ake kiransu da shi. Abin da ya haɗa su tun farko shi ne hanyar da kiɗansu ya bi ya kai ga jama'a ba tare da manyan kamfanonin faifai ba. Abin da sunan alternative yake nufi ke nan, wato madadin kiɗan da ya cika kasuwa.

Tushensa kiɗan punk ne na wajen 1976, irin na Ramones a New York da Sex Pistols a Landan. Su suka nuna wa matasa cewa ko hannunka bai faɗa a jita ba, kana iya hawa dandali ka faɗi abin da ke cinka. Daga nan ƙananan kamfanoni suka ɓullo: Rough Trade a Landan, Factory a Manchester, SST a California, daga baya Sub Pop a Seattle. Mawaƙan kan loda kayan kiɗansu a ƙaramar mota su bi gari-gari, in an tashi wasa su kwana a gidan wani masoyi don babu kuɗin otal. Manyan gidajen rediyon Amurka ba sa kula su, sai rediyoyin jami'o'i da ɗalibai ke gudanarwa, shi ya sa aka fara ce masa college rock. R.E.M., da suka haɗu a garin Athens na jihar Georgia a 1980, ta nan suka taso. A Ingila kuwa, irin su The Smiths indie ake ce musu, wato masu zaman kansu. Sai a 1988 mujallar Billboard ta ware wa wannan kiɗa jadawalinsa na waƙoƙin da suka fi tashe.

A 1991 komai ya juya, da Nirvana suka fitar da faifan Nevermind. A kaset ɗin da wani yayana ya kwafo na fara jin sa. Baiti ya zo a hankali har na ƙara murya, amshi na shigowa ganguna da jita suka fashe gaba ɗaya, na kai hannu da sauri na rage. Wannan salo na lafawa sannan a fashe daga Pixies na Boston suka ɗauko shi, Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, da bakinsa ya faɗa. A Janairun 1992 faifan ya sauke Dangerous na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka. Manyan kamfanoni suka yi ca a Seattle, kowa na neman tasa Nirvana. Tun daga ranar kiɗan 'yan gefe ya koma tsakiyar kasuwa, sunan kuma ya zauna. Wasu na cewa a nan ya mutu, ni ban yarda ba, domin faifan OK Computer na Radiohead a 1997 babban kamfani ne ya fitar da shi, kuma ba su sassauta wa kowa ba. Amma in asalin kake so ka ji, fara da na shekarun 1980.

Mu ma abin ya taɓo mu. Mdou Moctar, makaɗin jita daga Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ba tare da wani kamfani ba. A 2021 Matador, kamfanin New York da ya fitar da faifan ƙungiyar Pavement, shi ya fitar masa da Afrique Victime. In ka gama da Pixies, nemi wannan ka saurara.