Tambaya da Amsa: Yaya ake taya murna da Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wani abokin aikina ya sami ƙarin girma, sai na aika masa da saƙo cewa "Congratulation for your promotion". Daga baya aka ce mini na yi kuskure biyu a wannan 'yar jimla, amma ba a nuna mini su ba. Ina roƙon a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya, kuma abin da ya kamata ka rubuta shi ne "Congratulations on your promotion".

Kuskure na farko shi ne harafin s da ka bari. Idan ana taya mutum murna kai tsaye, kalmar tana zuwa ne a jam'i, kamar yadda ake cewa thanks wajen godiya da condolences wajen ta'aziyya. Tilonta yana nan a harshen, amma sai idan ana maganar aikin taya murnar kansa, misali "a letter of congratulation", wato wasiƙar taya murna.

Kuskure na biyu ya fi bukatar bayani, domin a nan ne na ga ɗalibai masu ƙoƙari ma suna tuntuɓe. Abin da ake murna a kansa, ko aure ne ko haihuwa ko cin jarrabawa, kalmar on ce take gabatar da shi, shi kuwa mutumin da ake taya murnar kalmar to ce take zuwa kafin a ambace shi. Saboda haka ana iya haɗa su a jimla ɗaya a ce "Congratulations to the bride on her wedding". Idan aikatau ne ya biyo bayan on, wajibi ne ya ɗauki ɗafin -ing, kamar a "Congratulations on passing your exam". Gaskiya ne akan ji Turawa da kansu suna amfani da for, musamman idan yabon mutum suke yi saboda wani abin kirki da ya aikata, amma shawarata ita ce ka riƙe on a wasiƙar ofis da jarrabawa, domin babu mai cewa ka yi kuskure da ita.

Akwai wani tarko kuma da Hausarmu take ɗana mana. Mu muna cewa "ina taya ka murna", wato ina shiga cikin farin cikinka, kuma abin sha'awa shi ne asalin kalmar a Latin ma'anarsa ke nan, yin murna tare da wani. Wannan tunani ne yake sa wasu su rubuta "I congratulate with you", alhali a Turancin yau aikatau ɗin yana faɗawa kan mutum kai tsaye, babu with, babu to: "I congratulate you on your success".

Ka lura da rubutun kalmar, domin t ce a tsakiyarta, ko da yake lafazin wasu yana sa a ɗauka d ce. Gajeren nau'inta, congrats, na tsakanin abokai ne, bai dace a aika wa shugaba a wurin aiki ba. Ranar zagayowar haihuwa kuwa "Happy birthday" aka saba cewa.