Tankin tarwaɗar Alhaji

Jiya muna cikin yankan gilashi ka ce da ni, "Maigida, me ya sa ka ƙi aikin Alhajin unguwar Rayfield ta nan Jos? 'Yan tarwaɗa uku ne fa kamar yatsa, tankin gilashi mai tsawon ƙafa 3 yake so da 'yar filta ta tace ruwa, ga kuɗi a hannu." Na ce ka bari sai mun tashi, don ba a surutu da gilashi a hannu. To zauna ka ji.

Ban ƙi aikin ba, ɗana, awon na ƙi. Kai kifin da ke cikin leda ka gani, ni kuwa na baɗi nake hange. Tarwaɗa in tana samun abinci, cikin wata shida sai ta kai kilo 1, kuma irinta kan wuce mita guda in ta daɗe. Haka wadda ake kawowa daga Kudancin Amurka, mai jar wutsiyar nan ta kogin Amazon: kyakkyawa tana ƙarama, amma ita ma tana zarce mita. Masu cewa kifi daidai tankinsa yake girma, ba su ga yadda yake tsumburewa yana gogar hanci a gilashi har ya yi gyambo ba.

Ga awon da nake bi. Tsawon tanki ya ninka tsawon kifin kamar sau huɗu, faɗinsa kuma ya fi tsawon kifin sosai, don ya juya ba tare da ya lanƙwashe ba. Faɗin nan shi almajirai ke mantawa. Tarwaɗa a ƙasan ruwa take zama, fili take so, tsayi bai dame ta ba, kuma tsayin ruwa shi ke ƙara wa gilashi matsi har ya sa ka sayi mai kauri. Idan muka ce za ta kai santimita 60, to mu yi 240 a tsawo, 90 a faɗi, 60 a tsayi. Ninka su ka raba da 1,000: lita 1,296 ke nan. Kowace lita kilo 1 ce, wato nauyin buhun siminti 26, ba a ma sa gilashi da yashi ba. Shi ya sa nake fara tambaya ko falon a ƙasa yake ko a bene. Gilashin kada ya gaza milimita 12, da tokare a sama, silikon na manna gilashin kuma wanda babu maganin fumfuna a ciki.

Ko a wannan ma ɗaya zan so ya ajiye, ko biyu masu kai ɗaya, don babbar takan haɗiye ƙaramar. In kuma ya nace sai ƙafa 3, ya nemi ƙaramin ƙurungu.

Yanzu ga inda aikin yake. Kana tsammanin filta dauɗar da ido ke gani take kwashewa, ko? Wannan ƙaramin aikinta ne. Kifi yana fitar da amoniya ta hanyar numfashinsa da kashinsa, ba ta da launi, kuma guba ce. Ruwa sai ya yi garau kamar na kwalba alhali yana kisa. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke maƙalewa a jikin soso da 'yan zobban tangaran na cikin filta. Wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke fitarwa. Ka ga ke nan filta gidan waɗannan ƙwayoyi ce, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kankama. Sabon tanki ba a cika masa abinci, kuma da ruwan gwaji ake sanin ya nuna, ba da kallo ba.

Tarwaɗa kuwa ga ci ga kashi. Don haka ƙaramin tanki za mu sa a ƙarƙashin babban, mai cin lita 300 zuwa 400: ruwa ya gangaro, ya bi ta soso, ya ratsa zobba, famfo ya mayar da shi sama. Ina so ruwan duka ya zaga aƙalla sau biyar a awa, wato lita 6,500. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwalin famfo, don ƙarfinsa raguwa yake in yana tura ruwa sama. Sayi wanda ya ɗara. Ka kuma bar sarari a tankin ƙasa. Ina almajiri na taɓa cika wani fal, aka ɗauke wuta, ruwan bututu ya dawo ya jiƙe wa mutane kafet. Ban manta kallon da maigidana ya yi mini ba.

Ɗauke wutar ma ita ce babbar matsalarmu. Tarwaɗa za ta taso ta shaƙi iska a sama ta rayu, amma ƙwayoyin filta in ruwa ya tsaya awanni sai su fara mutuwa. Dole a samu inbata ko famfon iska mai batir. Soso kuma a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin za ka matse shi, ban da ruwan famfo, don kulorin na kashe su. Duk mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Ga sanyin Jos. Tarwaɗa tana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, mu kuwa ka san daren Disamba a nan. Sai da hita, kuma a tankin ƙasa za ka sa ta, don kifin ba shi da ɓawo, zai ƙone ko ya fasa ta da wutsiya. Yashi mai laushi saboda gashin bakinta. Murfi mai nauyi, don ta iya tsalle.

Gobe da safe ka ɗauki tef ka je Rayfield. Ka auno bangon falon da faɗin ƙofa, don kada mu gama tanki ya ƙi shiga. Ka tambayi ko ruwan burtsatse suke sha ko na famfo, kuma ko suna da inbata. Maganar kuɗi ka bar mini ita.