Ruwan lagireto yana raguwa, amma ba a ganin yoyo a ƙasa

Malam, ka ce kullum da safe sai ka ƙara wa motarka ruwa, ƙarƙashinta kuma a bushe, ga farin hayaƙi ta salansa. Ni dai na fi zargin gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji mai hana ruwa, mai da iska haɗuwa, amma kada ka bari a kwance inji tukuna.

Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto, ka cika shi, sannan ka tayar da mota. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwan. Duba cikin murfin baƙin mai: in ya yi kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai. A kwance fulogogi ma. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, silindarsa ce ke shan ruwa. Kada ka kuskura ka buɗe lagireto da zafi, zai ƙona ka.

In ta tabbata, sauya gasket kaɗai bai isa ba. A kai kan silindar wurin masu goge shi da inji a auna shi, domin in na alminiyo ne yakan lanƙwashe in ya sha zafi. Ƙusoshinsa kuma a ɗaure su da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe. Makanikai da yawa da ƙarfin damtse suke ɗaurewa, shi ya sa ba a jimawa sai a koma gareji.

Zafin inji yakan ƙona gasket, don haka a binciko abin da ya jawo zafin tun farko: fanka, famfon ruwa, ko lagireton da ruwan rijiya ya toshe.