Ga ɗan'uwan da dutse ya gogi cikin motarsa a Rano

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ranar da ka fara bin ayari wajen duwatsun Rano cikin Hilux ɗinka ya yi ta gugar dutse, ana ta yi maka dariya, shi ne kake tambaya ko ka ɗaga motar ka sa mata manyan tayoyi kafin tafiyar Riruwai. Kada ka kashe ko sisi tukuna, bari ka ji nawa.

Da hunturun 2021 na fara bin jama'a Riruwai, mu mota shida. Tawa tsohuwar Hilux ce mai giyar hannu, irin wadda sai ka sauko ka murɗa makullan cibiyar tayoyin gaba kafin ta ja da ƙafa huɗu. Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa Falgore da hantsi, bayan azahar mun bar kwalta mun kama wani hawa ta wajen tsofaffin ramukan kuza. A tsakiyar hawan akwai wani dutse mai tsini, bai fi turmi girma ba. Na tsaya ina nazarinsa. Sai wani daga cikinmu, ba zan kama suna ba, ya san kansa, ya koma gefe da waya a hannu yana ɗauka yana ɗaga murya: "Malam sa shi a tsakiya ka taka totur mana! Mota ce ko jaki?" Ga wasu biyu a gaba, wannan na nuna min dama, wancan na nuna hagu. Kunya ta kama ni, na taka.

Har gobe ina jin ƙarar nan a kunnena. Motar ta yi tsalle ta dire, ban yi nisa ba jar fitilar mai ta kawo. Allah Ya taimake ni na kashe injin nan take, da na ƙara ko minti biyu da ya buga. Na durƙusa na leƙa, ga baƙin mai yana tsiyaya a kan dutse kamar an fasa tulu, kaskon da ke ƙarƙashin injin ya tsage, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa. Shi kuwa mutumin naku ko durƙusawa bai yi ba. Dariya yake har da riƙe ciki. La'asar na yi ya duba agogo ya ce shi fa yana da baƙi a Kano, kuma kowa ya san Falgore ba hanyar dare ba ce. Ya ja motoci uku suka bi shi. Igiyar ja mai kyau guda ɗaya da muka zo da ita tana bayan motarsa, da ita ya tafi. Na kira shi ya fi sau goma kafin sabis ya ɗauke, bai ɗaga ba. Abin da ya fi ƙona min rai, kafin in dawo gida bidiyon ya zaga, ya yanke wurin da yake ce min in taka, ya bar wurin da nake durƙushe ina salati. Da idi muka haɗu ya miƙo min hannu kamar ba a yi komai ba. Na karɓa don Allah, amma ban manta ba.

Wani dattijo mai Land Cruiser shi kaɗai ya tsaya da ni, Allah Ya saka masa da Aljanna. A mota muka kwana, sanyin Riruwai kuwa ba irin na cikin Kano ba ne, tabarmar salla na lulluɓa da ita. Da safe wani yaro makiyayi ya kawo mana nono a ƙwarya, ya ƙi karɓar kuɗi. Bakanike muka ɗauko a babur, ya kwance kaskon aka kai aka yi masa walda, sai yamma muka tashi.

To batun ɗaga mota. In ka ɗaga ta, bodi da cikinta ne suka hau, amma kumburin nan mai kama da tulu na tsakiyar aksul ɗin baya yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma in ka ƙara inci biyu a girmanta inci ɗaya kacal ka samu. Ga shi motar ta ƙara tsawo, a gefen tudu sai ka ji tana neman kifewa. Ni da na sani tun farko farantin ƙarfe mai kauri zan sa mai walda ya ɗaura min a ƙarƙashin injin, shi ne abu na farko da na yi bayan na dawo. Kuma dutse mai tsini ba a sa shi a tsakiya, taya ake ɗora masa, ta hau a hankali ta sauka a hankali, ita ce za ta ɗaga maka cikin motar. Ka tsaya cak ka sa 4L, wato giyar ƙafa huɗu mai ƙarfi ta tafiya a hankali, tun kafin hawan, giya ta ɗaya, ka bar ta tana rarrafe. Kada ƙafarka ta zauna a kan kulochi, ƙaurinsa za ka ji. A gangara ma kada ka taka shi, injin ne zai riƙe maka ita, birki ɗan taɓawa kawai.

Mutum ɗaya tak zai nuna maka hanya. Ka zaɓe shi da bakinka tun kafin ka tayar, wanda ka ga ya fi kowa shiru, sauran su yi ta ihu ka ɗauka ba da kai suke ba. Duk wanda ka gani da waya a sama, kallo ya zo yi.

Af, na manta iska. Ina rage ta tayoyina zuwa wajen 22 a ma'aunin iskar taya (PSI) in mun shiga dutse, tayar ta fi kama ƙasa kuma ƙugu ya huta, amma ka tafi da famfo ka mayar da ita kafin kwalta, ka kuma fitar da giyar ƙafa huɗun, irin motocinmu ba sa son ta a kan kwalta. In tayoyin hannu za ka saya ka duba lambobi huɗun nan na gefe, 2318 na nufin an ƙera tayar a sati na 23 na 2018, don gefen taya dutse yake yanka, tsohuwa kuwa ba ta da ta cewa. Manyan yatsunka kada su shiga cikin sitiyari, in taya ta daki dutse fizgewa yake. Igiya kuma ka sayi taka ta kanka, ka ɗaura a ƙugiyar da ke jikin ƙarfen motar, ba a bamba ba.

Wani abin da ke damuna, mukan shiga garin mutane da gudu muna tayar musu da ƙura a kan shanyar masara, ko sallama babu. Mutanen nan su ne suka ciyar da ni ranar da 'yan birni suka watse. Yanzu duk ƙauyen da za mu bi ta bayansa sai na tsaya na gaida mai gari.

In tafiyar ta tabbata ka jera motarka a bayan tawa, farar nan mai tsagaggen gilashin baya. Ka zo da galan ɗin baƙin mai ɗaya da bargo, ni zan zo da igiya biyu.