Babanmu ya canza hali bayan aikin ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da aka yi wa Babanmu, mai shekara 64, aikin cire ƙari a ƙwaƙwalwa, gwaji ya nuna glioblastoma ne, wato wani nau'in ciwon daji na ƙwaƙwalwa. Ni ke jinyarsa. Mutum ne mai sanyin hali, amma yanzu sai faɗa, har ya zagi Mama a gaban jikoki. Ba ya barci, ga ƙishirwa da yawan fitsari. Baffanninmu sun ce sammu ne, a ajiye maganin asibiti. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba Baba sauƙi.

Ki fara gaya wa Mama cewa ba da gangan yake zaginta ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke riƙe wa mutum harshe da kunya. Idan ƙari ko kumburinsa ya danne wurin, sai dattijo ya furta abin da bai taɓa furtawa ba. Kada a yi musu da shi. A rage masu shiga ɗakinsa, domin cincirindon 'yan dubiya na rikita irin waɗannan majinyata fiye da yadda ake zato.

Sai dai ina zargin akwai hannun dexamethasone, maganin da ake bayarwa don rage kumburin. Yana hana barci, yana sa saurin fushi, yana kuma ɗaga sikari a jini. Ƙishirwa da fitsarin nan su suka fi damuna: a auna sikarinsa yau, ko a kyamis ɗin unguwa ne. Ki tambayi likitansa ko za a mayar da shan maganin safe da rana kawai, ko a rage shi sannu a hankali. Amma kada wani ya tsayar da shi dare ɗaya. Jikin da ya yi makonni a kansa ya daina samar da nasa sinadarin mai irin aikin wannan magani, yanke shi farat ɗaya na iya jefa Baba cikin suma, kumburin kuma ya dawo. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani ba, kuma da wannan lafazin nake so ki je wa baffanninki, cikin ladabi. In da hali, ki tafi da babbansu ganin likita ya ga hoton ƙwaƙwalwar da idonsa.

Idan jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Ta wuce minti 5, sai asibiti. Haka nan in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, domin gudan jini na yawan samun masu wannan ciwo.

Ba ki ambaci gashi ba, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura (radiotherapy). Bayan aiki akan yi wannan gashi na mako 6 tare da ƙwayar maganin daji mai suna temozolomide, ga tsofaffi masu rauni kuma akan taƙaita zuwa mako 3. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Wata biyu ya isa a ce an fara, don haka ki bibiya.

Ba zan ɓoye miki ba: aiki ba ya kawar da glioblastoma ɗungurungum, saboda yana yin saiwa cikin lafiyayyen nama. Ko da cikakken magani, matsakaicin abin da bincike ya nuna kusan wata 15 ne, wasu su haura, wasu su gaza, rai kuwa na Allah ne. Shi ya sa nake ba iyalai shawara su yi maganar bashi, ajiyar mutane da wasiyya tun majinyaci na gane kowa. Ki lura da lokacin da Baba ya fi natsuwa, galibi da hantsi, ku zauna da shi da shaidu biyu a rubuta.